Tambaya: Shin na'urar ƙirga ƙwan tsutsa a kashin dabbobi za ta iya karɓar aikin ido da madubin likita?

Ɗan Alkaleri ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina aiki a ƙaramin ɗakin gwaji na wani asibitin dabbobi mai zaman kansa a cikin garin Bauchi, kuma yawancin abin da ake kawo mana kashin tumaki ne da awaki da shanu, domin a duba ko akwai ƙwan tsutsar ciki, sannan a faɗi yawansa a kowane giram. Hanyar McMaster muke bi: mu auna kashi, mu dama shi da ruwan gishiri domin ƙwan ya taso sama, mu tace, mu cika gilashin ƙirge, sannan mutum ya duƙa a kan madubin likita yana bin layi ɗaya bayan ɗaya. Daga tsakiyar damina zuwa kaka, da kuma lokacin da masu turka raguna suke shirin Babbar Sallah, samfura suna yi mana yawa har ido ya gaji, kuma na lura cewa idan ni da abokin aikina muka ƙirga samfuri guda da yamma, lissafinmu ba ya cika zuwa daidai.

Maigidanmu ya ji labarin na'urorin da suke ɗaukar hoton samfuri su ƙirga ƙwai da kansu, ya ce in bincika kafin ya sa kuɗinsa. Ina roƙon masana da ke nan su haska mini: shin waɗannan na'urori suna fitar da ƙwan daga cikin kashin da kansu, ko ƙirgawa kaɗai suke yi? Shin ana iya dogara da su a kan dabbobinmu na nan, ganin cewa a wasu ƙasashe aka ƙera su? Sannan akwai manoman rani da suke tambayarmu ko za mu iya duba musu ƙasar gona saboda tsutsar da ke kumbura saiwar tumatir, to shin na'ura ɗaya za ta iya yin aikin biyu? Allah Ya saka da alheri.

Likitar Dabbobi, Gombe, ta rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, abin da ya kamata ka fara bayyana wa maigidanka shi ne aikin nan hawa biyu ne. Hawa na farko shi ne raba ƙwai da tarkacen ciyawa da yashi, na biyu kuma shi ne ƙirgawa. Yawancin na'urorin da ake tallatawa hawa na biyu suka ɗauke, suka bar wa hannun ma'aikaci na farko, alhali kuwa a hawa na farkon ne aka fi yin asarar ƙwai.

FECPAKG2, ta kamfanin Techion na ƙasar Niyuzilan, kai ne za ka auna, ka dama, ka tace, ka zuba a ƙaramin akwatinta, ita kuma ta ɗauki hoto ta tura ta intanet. Vetscan Imagyst ta kamfanin Zoetis, wadda ta fito a 2020, da kashin karnuka da kyanwoyi ta fara, kuma ita ma sai an shirya gilashin da hannu, sannan ta aika hotuna ta intanet manhaja ta tantance. Parasight ta Amurka da dawakai ta fara; tana tare ƙwai a kan mataci, ta rina ɓawonsu da wani sinadari mai ƙyalli, sai kyamara ta ƙirga abin da yake haskawa. Wannan ta ɗan ƙara shiga hawa na farko, amma kowane gwaji yana cin sinadari da mataci waɗanda sai an shigo da su daga waje. Akwai kuma Kubic FLOTAC Microscope, wadda masu bincike na Jami'ar Federico II da ke Naples a Italiya suka ƙera domin ta riƙa karanta faifan Mini-FLOTAC, wani faifan ƙirga ƙwai mai ɗakuna biyu da ake dubawa a madubin likita.

Yanzu bari mu koma kan saɓanin da kake gani tsakaninka da abokin aikinka, domin ba duka ne laifin gajiyar ido ba. Hanyar McMaster, wadda Gordon da Whitlock suka bayyana a 1939 a Ostareliya, idan ka dama giram 2 na kashi da mililita 28 na ruwan gishiri, ka karanta ɗakuna biyu na gilashin ƙirge masu ɗaukar mililita 0.15 kowanne, to abin da ka duba a zahiri giram 0.02 ne kacal. Shi ya sa kake ninka kowane ƙwai sau 50. Ragon da ke da ƙwai 300 a giram, ƙwai shida ake sa ran gani a gilashinsa. Idan kai ka ga huɗu, abokinka ya sake cika gilashin daga kofi guda ya ga takwas, kai za ka rubuta 200 shi ya rubuta 400, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinku. Haka ƙwai yake warwatsuwa a cikin ruwa. Na'urar da za ta duba giram 0.02 ɗin nan ita ma haka lissafinta zai riƙa tsalle, komai tsadarta. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa mai sayarwa ita ce: giram nawa na ainihin kashi na'urar take dubawa, kuma sau nawa take ninka kowane ƙwai?

Wannan yana da nauyi ƙwarai idan kana son sanin ko maganin tsutsa yana aiki a garke. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce a ƙirga kafin a ba da magani, a sake ƙirgawa bayan kwana 10 zuwa 14, idan raguwar ba ta kai kashi 95 cikin 100 ba sai a fara zargin cewa tsutsar ta daina jin maganin. To ka duba: ragon da ka ga ƙwai shida a gilashinsa, bayan magani idan ba ka ga komai ba za ka ce an kashe duka, idan kuma ƙwai ɗaya tak ya faɗo cikin layi, raguwar ta koma kusan kashi 83 cikin 100. Ƙwai guda ya raba tsakanin yabon magani da yanke masa hukunci. A Mini-FLOTAC kuwa, inda ake dama giram 5 da mililita 45 a karanta ɗakuna biyu masu mililita ɗaya-ɗaya, sau 5 ake ninkawa, wato ragon nan ƙwai sittin za a gani a samfurinsa. Ba ya buƙatar lantarki ban da na madubi. A ganina ɗakin gwaji irin naku zai fi ƙaruwa da wannan sauyi kafin a kai ga maganar kyamara, duk da cewa karanta shi ya fi cin lokaci, kuma a nan ne na'ura take da hujjar shigowa.

Malamin Gona, Dadin Kowa, ya rubuta:

Likita ta gama magana a kan dabbobi, ni kuwa zan amsa tambayarka ta uku. A taƙaice, a'a, na'urar da aka yi domin kashi ba za ta yi maka aikin ƙasar gona ba.

Tsutsar da ke kumbura saiwar tumatir da tattasai da kuɓewa, wadda masana ke kira Meloidogyne, ba ƙwanta ake nema a cikin ƙasa ba galibi, 'ya'yanta ne masu motsi, waɗanda tsawonsu bai kai rabin milimita ba. Hanya mafi sauƙi ta fitar da su ita ce a bar su su fito da kansu. Baermann ya fara wannan da mazurari a 1917, daga baya Whitehead da Hemming suka mayar da shi faranti a 1965: a shimfiɗa takarda mai laushi a cikin kwando, a baza ƙasa a kai, a ajiye kwandon a faranti mai ɗan ruwa yadda zai jiƙa ƙasar ba tare da ya shanye ta ba, bayan kwana ɗaya zuwa biyu tsutsotsin sun ratsa takardar sun taru a ruwa. Wadda ta mutu ko ta galabaita ba za ta fito ba, don haka ƙasar da aka bari a bayan babur cikin zafin rana za ta nuna maka gona lafiyayya alhali saiwa duk ta yi ƙulu-ƙulu. Hanya ta biyu ita ce wanke ƙasa ta rariyoyi, sannan a wulwula abin da ya rage cikin ruwan sukari a injin juyawa, tsutsa ta taso, yashi ya kwanta. Dole a ɗauraye ta nan take, domin ruwan sukari yana tsotse ta ta motse. Manyan ɗakunan gwaji na Holan da Beljiyom suna da injinan da ke yin wannan wanki da wulwulawa da kansu, amma an gina su ne domin wuraren da ake shigo da samfura ba ƙaƙƙautawa, ga famfo mai ƙarfi, ga lantarki da ba ya yankewa.

Irin ƙasa ma yana canza sakamako. Jigawa mai yashi tana sakin tsutsa cikin sauƙi, ruwan ya fito garau. Baƙar laka ta fadama, irin wadda ake samu a wasu gonakin ban-ruwa na gefen kogin Gongola, tana dunƙulewa ta riƙe su, kuma tana gurɓata ruwan har hoto ya dushe. Sannan babbar wahalar ba ƙirgawa ba ce. Mafi yawan tsutsotsin da za ka gani a faranti ba su cutar da shuka, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ganye suke ci, suna ma taimakon ƙasa. Mai cutarwa ana gane ta da wata siririyar allura a bakinta, wadda sai an ƙara ƙarfin madubi ake gani. Manhajar da ta ce maka akwai tsutsa dubu a samfuri ba tare da ta raba mai allura da marar allura ba, za ta sa manomi ya sayi guba mai tsada ya zuba a gonar da ba ta buƙata.

Shawarata ga manoman da ke tambayarka ita ce su tumɓuke tumatir kaɗan daga wurin da ganye ya yi rawaya, su wanke saiwar su duba. Idan kumburin yana nan, an riga an sami rabin amsa. Inda nake ganin kyamara za ta taimake mu nan gaba shi ne ƙirga irin wuta-wuta a cikin ƙasa, domin ƙwayarsa ƙanana ce kamar ƙura, tushe ɗaya yana zubar da dubbai masu yawa, suna iya kwanciya fiye da shekara goma suna jiran dawa ko gero ko masara, kuma tsince su da ido daga cikin tarkace aiki ne mai karya ƙarfin gwiwa.

Mai Manhaja ya rubuta:

Gaisuwa ga iyayena da malamaina. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Bauchi, kuma ina neman izini in ɗan saɓa wa Likita a wuri guda. Gaskiya ne na'ura ba ta gyara samfurin da aka shirya ba daidai ba, amma tana da wata fa'ida da ba a ambata ba: tana barin hoto. Abin da ma'aikaci ya gani a madubi yana tafiya da zarar an wanke gilashi, ba wanda zai iya komawa ya duba. Idan akwai hoto, Malam zai iya tura wa Likita a Gombe ta duba ƙwan da ya shige masa duhu, makiyayi ma a nuna masa da idonsa abin da ke cikin dabbarsa, kuma samfuri na farko da safe da na ƙarshe da yamma ma'auni ɗaya za a yi musu.

Game da ko za ta gane ƙwan dabbobinmu, manhajar ƙirƙirarriyar basira ba ta san komai ba sai abin da aka koya mata da hotuna. Siffar ƙwan tsutsa ba ta canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, amma tarkacen da ke kewaye da shi yana canzawa. Ragon da ke cin harawa da ƙaiƙayi da dusa da kowar wake, ko akuyar da ke cin ganyen gawo, kashinsu yana ɗauke da garin fure da gutsattsarin tsiro da ƙura waɗanda wataƙila manhajar ba ta taɓa gani ba, kuma wasu daga cikinsu suna da zagaye irin na ƙwai. Kumfar iska da ƙanƙarar gishiri ma suna ruɗa ta. Maganin wannan shi ne mu tara hotunanmu. Ana iya ɗaura wayar hannu a bakin madubi da ɗan mariƙi, a riƙa ɗaukar hoto, ƙwararre ya yi wa kowane ƙwai alama. Akwai manhaja kyauta mai suna ImageJ, wadda ta fito daga cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka, da ke iya ƙirga ɗigo-ɗigo bisa girma da siffa, kuma ba ta buƙatar intanet. A samfuri mai tsabta tana aiki, a mai datti tana ƙirga datti, amma wuri ne na farawa ba tare da kashe kuɗi ba.

Baba Mai Madubi, Azare, ya rubuta:

Yaro ya yi magana mai kyau a kan hoto, Allah Ya yi masa albarka. Ni a ɗakin gwajin asibitin mutane na yi aikina har na yi ritaya, don haka zan ƙara abin da ya shafi ɓangarenmu. A binciken tsutsar ciki tsakanin 'yan makaranta, hanyar Kato-Katz ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita. Ana cika wani ɗan rami da bayan gida miligiram 41.7, a rufe da leda mai jiƙe da gilisarin, a ninka abin da aka gani sau 24. Matsalarta lokaci ne: ƙwan tsutsa mai ƙugiya, wadda ke shan jini a hanji, yana dushewa cikin minti 30 zuwa 60, a zafi irin namu ma ya fi sauri. Na'urar da ke bin gilashi a hankali tana ɗaukar hoto dole ta gama kafin wannan lokaci, in ba haka ba za ta ba da rahoton babu, alhali akwai.

Inda na fi ganin alamar nasara shi ne fitsarin jini, wato tsargiya. Ana tace mililita 10 na fitsari, ƙwan yana da girma, ga ƙaya a ƙarshensa, kuma babu tarkace da yawa. Akwai wata na'ura mai suna Schistoscope da masu bincike na Delft a Holan suka ƙera, an kuma gwada ta a nan Najeriya. Wannan ya nuna maka ƙa'idar: gwargwadon tsabtar samfuri, gwargwadon amincin na'ura. Kashin saniya kuwa yana can ƙarshen jeri.

Ɗan Alkaleri ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Baba, da sauran malamai. Likita, lissafin ƙwai shida ya warware mini abin da ya daɗe yana damuna. Saura abu biyu. Makiyayan da ke shayar da shanu a fadamu sun fi damuwa da tsutsar hanta, shin na'urorin nan suna kama ta? Sannan idan mai sayarwa ya yarda ya ba mu na'ura mu gwada, ta yaya za mu auna ta yadda ba za a ruɗe mu da samfurin da suka zaɓa ba?

Likitar Dabbobi, Gombe, ta rubuta:

Malam, na karɓi maganar ɗanmu Mai Manhaja a kan ajiye hoto, ya yi gaskiya, kuma ina ba ku shawara ku fara tara hotunan tun yanzu ko ba ku sayi komai ba.

Tsutsar hanta da muke da ita, Fasciola gigantica, ƙwanta babba ne kuma mai nauyi, ba ya tasowa a ruwan gishirin girki. Ruwan gishirin da ya ƙoshi, wato wanda ba ya iya narkar da ƙarin gishiri, nauyinsa 1.20 ne idan aka gwada da ruwan sha, wanda ya isa ya taso da ƙwan tsutsotsin tumbi da hanji da koksidiya, wato ƙananan halittun hanji masu sa zawo, amma na hanta yana kwanciya a gindin kofi. Ko dai a bi hanyar kwantarwa, a riƙa zubar da ruwan sama ana sake cikawa har ya yi garau, a ɗiga shuɗin rini a kan abin da ya kwanta yadda tarkace zai yi shuɗi ƙwai ya fito da launinsa na ruwan zinare, ko kuma a yi amfani da ruwan zinc sulphate mai nauyin 1.35. Duk na'urar da ta dogara da ruwan gishiri kaɗai za ta ce saniya ba ta da tsutsar hanta, ba don kyamararta ta gaza ba, sai don ƙwan bai taɓa isowa gabanta ba. Ka kuma tambaya ko tana raba shi da ƙwan wata tsutsar tumbi ta daban mai kama da shi, wanda girmansu kusan ɗaya ne amma shi fari-fari ne ba ruwan zinare ba.

Akwai kuma abin da ido da kyamara duka ba sa iya faɗa daga siffar ƙwai. Tsutsar da ake kira Haemonchus, mai shan jini har rago ya yi fari fat a ido ya kumbura a ƙasan haɓa, ƙwanta yana kama da na 'yan uwanta waɗanda zawo suka fi jawowa. Galibi sai an ajiye kashin kamar mako ɗaya ko fiye 'ya'yan sun ƙyanƙyashe sannan a rarrabe su. Macenta tana zuba ƙwai dubbai a rana, shi ya sa lissafi yake hawa da sauri da damina. Da rani kuwa 'ya'yanta kan lafe a bangon tumbi ba sa girma, ba sa yin ƙwai, sai damina ta kusa ko tunkiya ta zo haihuwa su farka. Sakamakon da ya ce sifiri a watan Fabrairu ba shaida ba ce cewa dabba ta rabu da tsutsa. Don haka ku riƙa haɗa ƙirge da duba launin cikin fatar ido, kamar yadda katin FAMACHA na Afirka ta Kudu ya tsara a mataki biyar.

Game da gwaji, kada ku karɓi samfurin kowa. Ku ɗebo naku kai tsaye daga duburar dabba da safar hannu, ba daga ƙasa ba, ku matse iska ku ɗaure, ku sa a sanyi amma kada ya daskare, domin a zafin Bauchi ƙwai yana iya ƙyanƙyashewa cikin kwana guda. Ku haɗa na tumaki da awaki da shanu, na turke da na kiwon daji, masu zawo da masu busasshen kashi, na damina da na rani idan lokaci ya ba da dama. Ku dama kowane samfuri sosai, ku raba biyu, rabi ga na'ura rabi ga madubi, kuma mai duba madubi kada ya san abin da na'ura ta ce. Ku maimaita wasu samfuran sau da yawa ku ga yadda amsar take tsalle. Ku fi sa ido a kan samfuran da ƙwansu bai da yawa, domin a nan ne bambanci yake fitowa. Ku duba nauyin ruwan gishirinku da ma'aunin ruwan batir irin na masu gyaran mota, domin ruwan da bai ƙoshi ba zai cuci hanyoyin biyu gaba ɗaya.

Sannan ku sa mai sayarwa ya rubuta muku kuɗin kowane gwaji guda, da abin da zai faru ranar da intanet ta yanke, da wurin da za a kai na'urar idan ta lalace, da kuma ko hotunan da kuka ɗauka mallakarku ne ko na kamfani. Idan kuɗin gwaji ɗaya ya haura kuɗin maganin da makiyayi zai ba dabbar, zai sayi magani ya ɗura ba tare da gwaji ba, kuma irin wannan ɗure ba bisa ƙa'ida ba shi ne yake sa magungunan tsutsa irin su albendazole da ivermectin suke rasa ƙarfi a garkuna. Idan kun fara gwajin, ka sanya lambobin hanyoyin biyu a nan gefe da gefe, mu duba tare.